Gwajin Iri a Gonar Baffa

A shekarun da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihunsa, mutanen unguwarmu a Getso suka gina rumbu a bayan masallaci. Da kaka kowane gida sai ya kawo damin gero a zuba. Ba a taɓawa sai damina ta faɗi, a raba wa wanda ba shi da iri. Ni aka ɗora wa kula da shi, ina sabon aure a lokacin.

Shekara ta biyu ruwan shuka ya sauka ranar Laraba. Kowa ya fita da sungumi, ban da Baffa, ƙanen mahaifina. Iyalinsa sun cinye irin shukarsa tun da bazara, a wajenmu kuwa magidanci ya gwammace a ce ba shi da lafiya da a ce ya cinye iri. Ya zauna a zaure, wai ƙafa ce ke damunsa. In laimar nan ta wuce, shekararsa ta tafi.

Na gaya wa Liman. Ya ce, "Kada ka kai masa. Zai maido maka har gida, ya daina amsa gaisuwarka."

Da hantsin Alhamis Liman ya ja ni da wani taubashin Baffa muka yi sallama. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka yi barka da ruwa. Sannan Liman ya ce, "Malam, alfarma muka zo nema. Geron rumbu na gidaje da yawa ne ya gauraya, ba mu san yadda zai fito ba. Ara mana gonarka mu gwada."

Baffa ya ce, "Duk gonakin garin nan sai tawa?"

Taubashin ya ce, "Taka ce ta fi lalacewa. In ya tsira a can, ko kan falalen dutse zai tsira."

Baffa ya ce, "Kai da ko ciyawa ba ta yarda da taka ba? Tashi mu je, kada ku jagwalgwala mini gona."

Da maƙwabta, mu goma sha wani abu muka shiga gonar, shi ne a gaba yana sara, yana yi mana faɗa mun cika zuba ƙwaya a rami. Kafin la'asar mun gama, alhamdu lillahi.

Kwana biyar gero ya tsira. Baffa ya tsaya bayan sallar azahar ya ce wa Liman, "Irinku ba laifi. Kuna iya raba wa mabukata."

Liman ya ce, "Madalla, Allah ya saka da alheri."

Mu kuwa tun ranar Laraba muka raba, ba wanda ya gaya masa.