Shingen Shanu a Hawa na Uku

Shekarar da aka kwaso ma'aikatarmu daga Legas aka dawo da ita Abuja, ni ma ina cikin kayan da aka kwaso. Aikina buga tafireta, kuma rana ɗaya muka iso ni da tafiretar, ita naɗe cikin bargo a bayan babbar mota, ni a bas ina rungume da kular abinci. Maigidana ma a ma'aikatar yake, ɓangaren ajiyar kaya. Aka ba mu gida a wani rukunin benaye kusa da Nyanya, hawa na uku, ɗaki biyu da falo da baranda. Mu da muka saba da ɗaki ɗaya da layin banɗaki, ranar da aka miƙa mana makulli na yi ta zagaya gidan ina buɗe famfo ina rufewa. Maigidan ya shiga ɗaki ɗaya ya rafka sallama, na amsa masa daga ɗayan, muka yi ta dariya mu kaɗai.

Wannan mu kaɗai ɗin shi ne damuwata. Muna da 'ya guda, tana Zariya wajen mahaifiyata, Inna. Tun lokacin yaye Inna ta zo ta ɗauke ta kamar yadda aka saba, wai in ta manta da nono za a dawo da ita. Ta manta da nono, ta yi baki, har ta fara tsiwa, ba a dawo da ita ba. Inna ta ce ba za ta kai jikarta ɗaki ɗaya sauro ya cinye ta ba. Ni kuwa ba ni da bakin magana, don 'yar fari ce. A gidanmu mace ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban manya, balle ta buɗe baki ta ce a ba ta shi. Ni kaina 'yar farin Inna ce, kuma "ke" take ce min. In na je Zariya yarinyar ta rugo ta riƙe min zani, sai in kau da kai in ce, "Wa ya bar wannan ba wanka?" Ita kuma Anti take kirana. Alhali ina son yarinyar nan har kaina ciwo yake yi, ban dai taɓa gaya wa kowa ba.

Da damina ta kankama Inna ta zo ganin gida, ita kaɗai. Ta yaba ɗakuna, ta yaba famfo, har ta leƙa baranda. Abin da aka kewaye barandar da shi wasu siraran roduna ne, ruwa ya kwanta a gindinsu tsatsa ta cinye, gefe guda ma da waya aka ɗaure. Inna ta ɗora hannu ɗaya, ƙarfen ya rusuna mata kamar suruki. Ta leƙa ƙasa, ta ja da baya.

"Gida ya yi kyau, Allah ya sanya alheri," in ji ta. "Amma ƙawata ba ta taka nan ba sai an gyara wannan abu. In an gyara ku aiko."

Na ce to, da murya irin ta wadda abin bai dama ba. Cikina kuwa kiɗa ake yi. Karo na farko ke nan da Inna ta faɗi sharaɗin da mutum zai iya cikawa.

Tana tafiya na samu maigidan. "Malam, ya kamata a gyara ƙarfen barandar nan. Saboda shanya."

"Shanya?"

"Eh. Zannuwa suna faɗawa ƙasa."

Ya gyara zama, ya haɗe fuska. Shi ma kunyar ta shafe shi, shi ma 'yar farinsa ce. "Gaskiya ne," ya ce. "Bai kamata a yi wasa da zannuwa ba."

Ya kai maganar ofis, aka ce ya jira, don a lokacin kowa sabon zuwa ne, rabin takardun ma'aikata suna cikin kwalaye ba a kwance ba. Bai jira ba. Ranar Asabar ya tafi Dei-Dei, inda ake sayar da ƙarfe da siminti a gefe guda, shanu a ɗaya gefen, ya dawo da wani mai walda Bakatsine, gajere mai faɗin ƙirji. Sana'arsa haɗa bodin ƙarfe na manyan motocin da ke ɗauko shanu daga arewa. Maigidan ya ce shi ya sa ya zaɓe shi, wanda ya iya tare bijimi ai ba abin da zai gagare shi. Ni ma na ga hikimar. Har na yaba masa, abin da ba kasafai nake yi ba.

Mai walda ya girgiza tsohon ƙarfen da yatsa biyu ya yi tsaki. "Oga, wanga ai ba ƙarhe ba ne, tsintsiya ce. Ku bar min aikin. Zan yi maku wanda ko bijimi ya zo, sai dai shi gaishe shi shi koma."

Sai marka ta sauka. Mun san ruwa a Legas, amma ruwan can da ɗuminsa yake zuwa. Na Abuja a watan Agusta daga kan duwatsu yake gangarowa da sanyi, gajimare ya sauko ya zauna a kansu kamar ba shi da wajen zuwa, yayyafi tun safe har yamma. Maigidan ya koma yawo da safa a cikin gida. Daɓen barandar ya yi kore da gansakuka, in ka taka sai ka yi salati. Walda kuma ba ta shiri da ruwa. Mai walda ya zo da injinsa da bututun ƙarfe, ya zauna a falo yana shan shayi yana kallon sama ta taga. Da ruwa ya ɗan tsagaita sai ya yi zumbur ya ce, "Hajiya, lema!" In ruga in riƙe masa lema, fuskata a juye, yana ta faɗa kada in kalli wutar. Na kalla mana. Washegari idona ya yi jawur yana ta zubar da ruwa, na je ofis na buga takardu ina hawaye son raina, kowa yana yi min sannu da walda.

Tartsatsin ya riƙa zuba hawa na biyu, har ya huda rigar mijin maƙwabciyarmu, wata ma'aikaciyar jinya mutuniyar Binuwai. Ta hayo tana haki.

"Madam, wutan ka yana ƙona kayan mu fa!" Sai ta ga bututun, ta ga fuskata, ta washe baki. "Ah, yarinya naka zai zo ne?"

"Wace yarinya? Don shanya ne."

Ta kalli ƙarfen da ya kai kaurin hannunta, ta kalle ni, ta sauka tana girgiza kai.

Aikin dai mai walda ya yi shi da gaske. Ya fasa daɓen ya kafa ginshiƙai a ciki ya zuba siminti, ya yi 'yar hanya da ruwa zai riƙa fita don kada ya sake kwanciya a gindin ƙarfe, ya sa na kankare gansakukar tas. Sannan ya jera bututun a kwance, wani bisa wani, tun daga ƙasa har ƙirjina, daidai yadda yake yi wa motocin shanu. Ya shafa jan fenti na hana tsatsa, ya bi da shuɗi. Fentin ya ƙi bushewa saboda danshi. Maigidan ya jingina da farin kaftani yana nuna wa abokinsa duwatsu, ya taso da layuka shuɗɗa a bayansa, ya tafi masallacin Juma'a a haka don na kasa daina dariya in gaya masa.

Muka yi gwaji iri-iri. Mai walda ya ja da baya ya banke shingen da kafaɗa, ko motsi. Maigidan ma ya banka, ya kwana yana shafa man zafi. Ni kuma na ɗauko 'yar ƙwarya wadda na ƙiyasta ta kai girman kan yarinyar, na bi tsakanin bututun ina turawa, ba inda ta wuce. Ba wanda ya tambaye ni me ya haɗa ƙwarya da zannuwa. Muka aika Zariya.

Inna da jikarta suka iso da hantsi ana yayyafi. Yarinyar tana cikin wata suwaita da ta yi mata yawa, da hular ulu, da jan takalmin roba. Ta ce, "Anti!" Na ce, "Ku shigo da wannan, amma kada ta jiƙa min kujera." Inna ko zama ba ta yi ba ta nufi baranda. Ta girgiza, ta tura, ta jingina da duk nauyinta.

"To," ta ce. "Wannan kam ƙarfe ne."

Na shige kicin na rufe ƙofa na taka rawa da ludayi a hannu. Wallahi na taka, har da juyi. Na haɗa shayi ina zuba sukari ba lissafi, na jera kofuna a tire na fito. Maigidan yana tsugune gaban Inna yana jero gaisuwa, ita tana amsawa tana kallon gefe. Ƙofar baranda a buɗe.

Jan takalmin na fara gani, a kan bututu na kusa da sama. Yarinyar ta hau shingen kamar yadda ake hawa tsani. Cikinta yana kan bututun ƙarshe, wanda ya jiƙe sharkaf, rabin jikinta a waje, ta miƙa hannu tana tarar ruwan sama tana dariya.

Ban san lokacin da tiren ya bar hannuna ba. Abin da na sani shi ne sunanta ya fito daga bakina, cikakke, da ƙarfin da sai da mutanen benen da ke fuskantar namu suka leƙo. Ta waiwayo, ƙafa ɗaya ta zame, ni kuma na riga na damƙi suwaitar. Muka zube tare a jiƙaƙƙen daɓe. Na ƙanƙame ta ina kiran sunan ina maimaitawa, ina shinshinar kanta, ina kuka ina dariya. Ita kuwa haushi ta ji, wai na zubar mata da ruwan da ta tara.

Da na ɗago, Inna tana tsaye a bakin ƙofa, maigidan a bayanta. Kunya ta rufe ni, tsoro ya biyo baya. Na ce a raina shi ke nan, yau za a koma da ita Zariya.

Inna ta daɗe tana kallon shingen. "Tsani kuka sa aka yi mata?"

Maigidan ya sunkuyar da kai. "Inna, ƙwararre ne. Shi yake yi wa motocin shanu."

"Ai na ga alama. Ka taɓa ganin saniya ta hau katanga?"

Dariyar da ta kama mu ba ta daɗi ba ce da farko, amma sai da Inna ta zauna a hannun kujera tana share ido. Ta tashi ta kulle ƙofar barandar, ta ƙulle makullin a bakin zaninta.

Da aka gaya wa mai walda, ya ɗora hannu biyu a ka. "Oga, ni duk abin da na taɓa tarewa ƙahwa huɗu gare shi!" Ya dawo da injinsa cikin markar nan, ya yanke bututun da ke kwance, ya tsayar da su a tsaye kusa da juna, ba inda ƙafa za ta samu matakala, ya ƙara wa shingen tsawo. Na sake riƙe lema. Yarinyar ta manna hanci a gilashin ƙofa tana kallonmu, Inna tana janye ta saboda wutar.

Duk kwanakin nan Inna ba ta ce za ta bar ta ba, ba ta ce za ta tafi da ita ba. Kayan yarinyar suna cikin jakarta ba ta fito da su ba. Kullum in na wuce sai na saci kallon jakar nan, abinci ma ba ya shiga.

Ranar tafiya da safe na shiga ɗakina na tarar da kayan a kan gadona, a ninke, da ɗan kofin robarta a sama. Inna tana falo tana yafa mayafi. Ta kwance makullin ta miƙo min.

"Inna, ba ki duba ƙarfen ba."

"Ƙarfe ai kun duba. Ni dai na ji kin san sunanta." Ta ɗauki jakarta. "Sai dai ki riƙa rage murya, ke. Akwai maƙwabta."

Ta ce kada mu raka ta tasha da yarinyar, maigidan kaɗai ya isa. Muka fita baranda ni da yarinyar. Ta kama sandunan da hannu biyu, ta sa fuska a tsakani, ta hango Inna a ƙasa tana tsallake kwatami a ƙarƙashin lemar da na riƙe wa mai walda. Ta ƙwala mata kira, ta sake ƙwalawa, ta fashe da kuka. Inna ta ji, don na ga ta ɗan tsaya. Ba ta waiwayo ba, ta gyara riƙon lemar ta ci gaba da tafiya. Na san wannan ƙin waiwayen, da shi aka raine ni, kuma har Inna ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Na durƙusa a bayan yarinyar na rungume ta, muka tsaya a nan har lemar ta sha kwana.