Takardar da Ta Juya Gidan Mahaifina

Edita, ina gaida ku da masu karatu baki ɗaya. Na ga mutane suna kawo muku abin da ya taɓa samunsu, shi ya sa ni ma na ce bari in sauke nawa, ko wani ya tsira da abin da ni ban tsira da shi ba. A ƙarshen shekarun tamanin ni matashi ne ɗan shekara ashirin da bakwai, ina aikin zane a wani kamfani a Bompai da ke ƙera ƙarafan rufin gini da tankunan ruwa. Mu huɗu ne a ofishin zane, kowa da teburinsa da rularsa da fensirinsa. Ana nan sai kamfani ya sayo kwamfuta da manhajar zanen gini, da wani inji mai riƙe alƙalami yana zana abin da ke kan allon kwamfutar a faffaɗar takarda. Sauran ukun suka riƙa kewaye ta kamar za ta cije su. Ni kuwa na zauna mata, har ogana, wani injiniya Ba'indiye, ya ɗauke ni ya koya mini. Cikin wata biyar kaina ya kumbura. In na hau babur ɗina na ratsa tsakanin tirelolin Bompai, ji nake duk Kano babu wanda ya san abin da na sani.

Mahaifina malami ne, kowa Malam yake ce masa, har mu 'ya'yansa. Gidanmu na ƙasa ne a Sharaɗa, kuma ruwan da masana'antu suke saki ya daɗe yana cin gindin katangarmu. Kowace damina sai wani ɓangare ya zube. Ɗalibansa, galibinsu 'yan kasuwa da ma'aikatan masaƙu, suka haɗu suka sama masa fili wajen Na'ibawa, filin kwana mai tsawo da faɗi ɗaya, hanya ta kudu hanya ta gabas. Akwai wani tsohon magini abokin Malam tun ƙuruciya, wanda rabin gidajen unguwarmu hannunsa ne, shi aka ba aikin. Da a tsohon tsari ne, da shi da Malam za su je filin su ja layi a ƙasa da sanda, shi ke nan. Sai na tsoma baki na ce zamani ya wuce nan, ni zan zana gidan a kwamfuta. Malam ya yi murmushi ya ce to, ya bar zancen ginin a hannuna, amma da sharaɗi biyu: soro ya zama mai ɗaukar ɗalibansa, banɗakuna kuma kada mai zama a ciki ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Na ce wannan ai ƙaramin abu ne.

Da izinin ogana na riƙa zanen a lokacin hutun cin abinci. Na sa ƙofar gida a hanyar kudu, soro babba, tsakar gida, ɗakuna biyar, banɗakuna biyu mai zama yana kallon kudu. Wallahi a kan allo komai daidai yake. Don burga na ƙara zanen fuskar gidan da jerin ɗakuna a ƙasan zanen, har abin ya yi tsawo. Ranar da zan buga, na ɗauko takardar kamfani irin wadda ake kawo mana da zagayen layi da kibiyar arewa an riga an buga su a kusurwa. Na danna umarnin bugawa, kwamfuta ta jefo mini wata tambaya da Turanci, ni kuwa ina sauri a tashi hutu, na danna eh ban karanta ba. Injin ya zana, gida ya fito tsaf. Na ga rubutun a kwance, na juya takardar a hannuna ya miƙe, na naɗe ta ina jin daɗi.

Da na kai wa maginin, ya shimfiɗa ta a tabarma ya daɗe yana kallo. Shi ba ya karatun boko, amma layi da lamba da kibiya ba ka fi shi karanta su ba. Ya roƙe ni mu je filin tare ko da na rabin sa'a ne, in tsaya in nuna masa da hannuna. Na ce ba ni da lokaci, komai yana cikin takarda, ya bi kibiya kawai. A makon kamfani ya tura ni Kaduna aikin kafa rufin wata ma'ajiya, na yi mako bakwai. Ina can wasiƙar yayana ta iske ni, yana cewa maginin ya zo gida har sau biyu yana nemana, ya ce banɗakunan nan ba su kwanta masa ba, a dakata da su in dawo. Ban ko yi tunani ba. Na mayar da amsa cewa a gaya wa tsoho kwamfuta ba ta kuskure, ya yi abin da aka zana masa. Daga baya na gane dalilin da ya sa bai kai zancen ga Malam ba. Malam ya riga ya ce gini yana hannun ɗansa, shi kuma bai so ya kunyata ɗa a gaban uba.

Na dawo gini ya kai linta. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka ɗauki Malam a motar wani ɗalibinsa, da dattawa kamar shida, don ya ga gidansa. Tun daga nesa na hango ƙofar gidan tana hanyar gabas, ni kuwa a kudu na sa ta. Na ce wa kaina ƙila idona ne. Malam ya shiga soro ya yaba girmansa, ya zaga ɗakuna yana sa albarka. Da ya zo banɗakin farko ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi ramin da aka bari, ya ɗaga kai ya dubi rana, ya sake duban ramin. Sannan ya juyo gare ni.

"Ina gabas a nan?" in ji shi.

Na nuna masa. Hannuna ya miƙe daidai inda mai zama zai fuskanta. 

Nan ne na yi abin da har yau in na tuna nake jin nauyinsa a ƙirjina. Maimakon in yi shiru, sai na juya kan maginin, tsohon da ya isa ya haife ni, a gaban leburorinsa da ɗaliban Malam, na ce shi ya juya mini gida, an ba shi aikin da ya fi ƙarfin iliminsa ya ƙi faɗa. Na ce irinsu ne suke ɓata aikin masu ilimi.  Tsohon ya zaro takardar daga aljihun rigarsa, ya shimfiɗa a kan bulo, ya daidaita kibiyar da arewa, ya ja da baya. Gidan da ke takarda da gidan da muke tsaye a ciki abu ɗaya ne. Duk da haka bakina bai mutu ba, na ce lalle an yi wa takardar wani abu. Malam ya ce a mayar da shi gida. A mota ya faɗa mini a hankali cewa littattafansa ba za su shiga gidan nan ba, shi ma haka, gara katangar Sharaɗa ta faɗo masa. Damina kuwa saura wata biyu.

Ran Litinin na shiga ofis da niyya ɗaya, sai na gano inda abin ya karkace, kuma a raina ina neman hujjar da za ta wanke ni. Na sa faifan da na ajiye zanen, na buɗe, ga gida ƙofarsa a kudu. Na ce to injin zane ne. Na kwance alƙalumansa na goge, na duba wayar da ta haɗa shi da kwamfuta, na buga zanen wani tanki, ya fito daidai. Na ce to faifan ne ya lalace, na kwafe zanen a sabo, babu bambanci. Na ma zargi ɗaukewar wuta, domin ranar da na buga an ɗauke sau biyu, sai na riƙa kashe kwamfutar ina kunnawa kamar mai lallashin jaki. Kwana huɗu ina wannan, ba na cin abincin rana. Abokan aikina da na saba yi wa dariya suka samu abin yi, ɗaya yana wucewa yana tambayata ko in ara masa fensir. Na ɗaure fuska na ci gaba. Na ɗauko littafin manhajar mai kauri da ƙamus, ina bin babin bugawa layi-layi da yatsa.

A rana ta biyar na yanke shawarar in sake yin komai yadda na yi a farko, ba tare da tsallake ko danni ɗaya ba. Na sa irin takardar, na ba da umarni, tambayar nan ta sake fitowa. Wannan karon na karanta. Cewa take zanen ya fi takardar tsawo, ko a kwantar da shi don ya shiga?  Na danna eh ina kallo, injin ya kwantar da gidan gaba ɗaya, kudu ta koma gabas, kibiyar arewa kuwa tana nan inda maɗaba'a ta buga ta, don kwamfuta ba ta ma san da ita ba. Fili mai tsawo da faɗi ɗaya, ga hanya ta fuska biyu, babu abin da zai hana gidan zama a juye. Na kira ogana na nuna masa. Ya ce injin ya tambaye ni, na ba shi amsa, ya yi abin da na ce. Ban taɓa jin maganar da ta yi mini zafi kuma ta zama gaskiya kamar wannan ba.

Ban tsaya jimami ba. Na auno ginin yadda yake a ƙasa da tef, na sake zana shi a yadda ya zauna, na shiga neman hanyar da za a juya banɗakunan ba tare da an rushe gida ba. Na fitar da zane uku, na buga a farar takarda, na zana kibiyar da kaina a cikin zanen. Da hantsin Asabar na kai wa Malam a soronsa, na durƙusa na ce laifin nawa ne, ga kuma gyara. Bai karɓi takardar ba. Ya ce bango abu ne mai sauƙi, a fasa a sake ɗorawa, amma akwai mutumin da na ƙaryata a gaban jama'a, kuma a gaban jama'ar zan je in gyara. Sai maginin ya ce masa gida ya yi, sannan zai shiga.

Na bi dattawan nan shida ɗaya-ɗaya har wuraren sana'arsu, daga Sharaɗa zuwa Challawa, na roƙe su su zo filin. Suka zo, leburori ma suna nan. Na cire takalmi na durƙusa gaban tsohon, na faɗi abin da na danna da abin da ya jawo, na ce ƙarya na yi masa, ya yafe mini.  Ya kama kafaɗata ya tashe ni.

"Ɗana, ni ban san injinka ba," ya ce. "Amma inda nake kallo sau biyar a rana, wannan na san shi."

Ya duba zanena uku ya ajiye biyu, na ukun ma ya gyara shi da gawayi a jikin bango. Aka toshe ƙofofin banɗakunan aka fasa wasu ta gefe, aka matsar da bango ɗaya, aka juya ramukan mai zama ya kalli arewa. Ni na riƙa ɗaukar guduma duk Asabar da Lahadi har tafin hannuna ya yi kanta, don na rantse ba zan bar wa wani fasa abin da na ɓata ba. Kafin ruwan farko aka yi rufi. Maginin ya je da ƙafarsa ya ce wa Malam gida ya yi, washegari aka fara kwasar littattafai.

Na yi shekaru da yawa bayan nan ina zane da kwamfuta, kuma ban taɓa ganin laifinta ba. Abin da na koya shi ne in karanta duk abin da ta tambaye ni, in duba takardar da ta fito kamar wani ne ya zana, kuma kada in miƙa wa magini zane sai mun tsaya tare a filin. Yanzu ina ganin yara suna zana gida a wayar hannu cikin minti kaɗan, suna tura wa birkila daga inda suke zaune. Ina roƙonku, ku je filin. In kuma wani dattijo mai siminti a hannu ya ce muku abu bai kwanta masa ba, ku bar abin da kuke yi ku saurare shi. Tsohon nan ya yafe mini, ya ci gaba da amsa gaisuwata da fara'a har ya bar duniya. Amma ni ban ƙara iya haɗa ido da shi ba.