Kwatancen Inna

Mun tashi daga Kano ana idar da sallar asuba, ni da ƙanina, da saƙon Inna a wuyanmu. Idonta ya fara yana, likita ya ce kullum baya zai riƙa yi, ita kuwa ta kafe sai ta saƙa faifai ɗaya na ƙarshe da kabar fadamar ƙauyensu, can gaban Haɗejiya, inda ta koyi saƙa tana yarinya. Kabar kasuwa kuwa, in ji ta, tsintsiya ce kawai.

Kwatancen Inna duk na itatuwa ne. Ka wuce kanya uku da ke jere, ka karya dama a gindin tsamiya mai kogo, ka miƙe har ka hango goruba. Kaba na nan a ƙarƙashinta har ƙugu.

A Gujungu muka karya da koko da ƙosai. Da muka shiga Haɗejiya na taya bandar kifi, kuɗin da mai kifi ya faɗa ya kusa sa ni ɗaura niyyar azumi. Daga nan muka hau babura muka nufi wajen Baturiya. Wayyo, hanyar nan! Muna yara in mun zo hutu, ba ma isa gidan kaka sai bakinmu ya yi baƙi ƙirin da ɗinya, aljihu cike da magarya. Yanzu tudu ya koma rairayi da tumfafiya, kwari kuma kacala ta rufe shi ruf, ciyawar ruwan nan da ta fi mutum tsawo.

Muka yi ta zagaye, ba kanya ko ɗaya. Ƙanina har ya fara tsokanata wai ko na bar hankalina wajen mai kifi. Can muka tarar da wani dattijo yana gyaran komarsa ta kamun kifi. Da na ambaci gidan su Inna, sai ya saki aikin.

"Allahu Akbar! Tana raye? Ɗana, ai a kan kanyar kake tsaye."

Na duba ƙasa, kututture ne yashi ya kusa binnewa. Ya ce damina ce ta sauya hali: ta yi jinkiri har itace ya galabaita, in ta zo kuma ta zo a fusace. Tsamiya ta bushe a tsaye. Gorubar kuwa ambaliya ta zauna mata wata da watanni har saiwa ta ruɓe, kacala ta gaje wurin. Wallahi sai da na juya baya na share ido.

Dole muka sayi kaba a kasuwar Haɗejiya. Ƙanina ya ce mu yi gum, ai ba gani take sosai ba.

Bayan la'asar washegari muka iso gida. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne gari na iya ɓacewa alhali mutanensa na ciki. Inna ta karɓi damin, ta zari ganye ɗaya, ta lanƙwasa, ta shinshina, ta ajiye.

"Kanyar nan uku suna nan?"

Na kasa yi mata ƙarya, na faɗa mata komai. Sai ta ce a jiƙa mata kabar, za ta saƙa da ita hakanan. Na miƙe zan ɗebo ruwa ke nan ta riƙo hannuna.

"To yanzu in na ce ku kai ni gida, da me zan yi muku kwatance?"