Sunana ne a Jikin Kwalin

Taubashina ne ya rubuta sunana a jikin kwalin ƙwaya, na ci kaso shekara huɗu, shi ko ƙofar jandarma bai taka ba. Abin da aka yi mini ke nan. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, samari, da ƙafata na shiga.

Ni mutumin Tama ne. Aji biyar na tsaya a lakkwal, wato makarantar boko, na zo Madawa dakon albasa, ni da ƙanena Hamidu. Wanda bai taɓa ɗora buhun albasa a babbar mota ba bai san ciwon baya ba. Nan na koyi shan tiramol. Ɗaya da safe, daga baya biyu, daga baya sai yadda ta kama.

Ana nan sai Ila, ɗan kawuna, ya dawo daga bida, wato ci-rani, da ƙatuwar waya. Kullum "bawana" yake ce mini, irin na taubasai. Wata rana da hantsi ya same ni a inuwar mota ya ce, "Bawana, har yanzu ƙwayar masu tebur kake sha? Zo ka ga kasuwa." Ya nuna mini wata kasuwa cikin wayar, wadda ba a shigarta sai ta ɓoyayyar hanya. Ga hotunan ƙwaya jere kamar kashin tumatir. Mai sayarwa ba fuska, ba gari, sai sunan ƙarya da taurari a gefe, wai shaidar waɗanda suka saya. Kuɗin ma ba na hannu ba ne. Na ce, "To in ya cuce ka, wa za ka kama?" Ya ce, "Kai dai baƙauye ne. Can ba wanda ya san wani."

Rabin gaskiya ya faɗa. Kai ba ka san mai kaya ba, amma shi dole ya san inda zai aiko. Kun san yadda saƙo ke zuwa tasha: a rubuta suna da lamba a jikin kwali, direba ya kira, ka je ka karɓa. Kuma a wajenmu ba a buɗe saƙon amana, ba a tambayar abin da ke ciki. Ila ya ce kowa a tasha ya san ni, shi kuwa ya zama baƙo. Ya sa sunana da lambata. Kwalin farko ban san cikinsa ba. Na biyu na sani. Na uku ni ke raba wa 'yan dako, ina jin kaina wani shege.

Ranar da abin ya faru muna tsakiyar lodi. Hamidu ya ce, "Yaya, bayana kamar an sara da gatari. Ba ni guda cikin sabuwar nan." Da hannuna na ba shi. Ya ɗauki buhu uku ya kwanta gindin mota. Muka yi ta yi masa ba'a, "Raggo, tashi!" Sai da aka kira azahar na juya shi, na ga leɓensa ya yi baƙi. Muka kai shi likita a kura. Lokotoron da ya duba shi ya ce abin da ke cikin ƙwayar ba tiramol ba ne, kama kawai suka yi. Bai kai la'asar ba.

Na sa Ila ya nemo mai kayan. Babu shi. Kasuwar ma gaba ɗaya ta ɓace daga wayar.

Ku ji iyakar lalacewa. Kwana tara da binne Hamidu direba ya kira, wai ina da saƙo. Jikina na rawa don rashin ƙwaya. Na tafi. Ina ɗaga kwalin jandarma biyu suka dafa ni. Ashe an kama masu kasuwar can ƙasarsu, da sunayen duk waɗanda suke aika wa. Na ambaci Ila har muryata ta dushe. Ba takarda ɗaya mai sunansa. Ya karya layin wayarsa ya bar gari.

A kaso na bar ƙwaya, da amai da kuka. Na koma salla. Na fito, na tuba, Allah ne shaida. Amma innata ba ta yafe mini ba. In na shiga ɗakinta a Tama sai ta juya wa bango fuska. Sau ɗaya ta yi magana, ta ce, "Biyu na haifa. Na binne ɗaya, ɗayan ban san shi ba." Yanzu tana kwance, fura ma da ƙyar take wucewa, kuma tsoro nake ta tafi a haka.

Don haka ku ji. Kada ku haɗiyi abin da ba ku san wanda ya haɗa ba. Kada ku ba da sunanku a rubuta a kwalin wani, ko da ciki ɗaya kuka fito. Kasuwar da aka ce ba ta san kowa ba, kai mai saye ta san ƙofar gidanka.

Ran kasuwar da ta wuce na ci karo da Ila wajen masu tsire, ya yi ƙiba. Ya miƙo hannu yana murmushi, wai abin da ya wuce ya wuce. Ban karɓa ba. Na ce, "Ila, kason na yafe maka, na riga na ci shi. Amma gawar Hamidu ba zan ɗauka ni kaɗai ba. Ga mota can tana lodin Tama. Ka tashi mu je ka durƙusa gaban innata, gwaggonka, ka faɗa mata da bakinka wanda ya kawo ƙwayar nan garin nan, tun tana ji. In ka ƙi, ba zan taɓa ka ba. Amma ranar da aka ɗauko gawarta, kada in ga ƙafarka cikin sahun jana'iza."