Mataimakan Manaja Goma Sha Ɗaya

Shagon Gwaggo yana daf da ƙofar kwalejin, tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da katin waya. Faɗinsa bai kai tabarma biyu ba. A ciki akwai kwamfuta ɗaya, benci ɗaya, injin kwafi mai yawan tari, sai ɗan yayanta da kowa ke kira Sakatare. Ba wanda ya naɗa shi. Tun shekararsa ta farko a kwalejin, da an tashi daga aji sai ya cusa jaka ƙarƙashin tebur ya hau buga wa mutane takardu, har sunan ya bi shi gida.

Ya san injin nan fiye da yadda ya san malamansa. Idan ya haɗiye takarda, Sakatare ba ya ja da ƙarfi. Murfin gefe yake buɗewa, ya ɗaga wani koren ƙarfe, ya ɗan mare shi sau biyu a haƙarƙari. Amma Gwaggo ba ta taɓa kiran wannan aiki ba. Duk wanda ya tambaya ko ma'aikacinta ne, amsarta ɗaya ce: “Wane aiki? Ɗan gida ne, taimako yake.” Shi ma sai ya hau kan maganar ya zauna.

A shekara ta uku aka zo gaɓar da kowa ke tsoro. Kwalejin ba ta yaye ɗalibi sai ya yi wata shida na sanin makamar aiki a wata ma'aikata, wanda kuwa bai sami gurbi ba kafin ƙarshen zango, shekarar zai maimaita. Su kuma ma'aikatun tambayarsu ta farko ita ce a ina ka taɓa aiki. Wato sai ka iya ruwa kafin a bar ka ka taɓa kogi.

'Yan ajinsu suka riƙa zuwa ya buga musu takardar neman gurbi. Da an iso layin “ƙwarewar aiki” sai mutum ya hau kallon silin. Dogo, abokinsa wanda bai taɓa aikin da ya wuce sa waya a caji ba, har da jan hanci. Tausayi ya kama Sakatare, ya rubuta masa cewa ya yi shekara biyu yana mataimakin manaja a shagon buga takardu na ƙofar kwaleji. A gurbin mai ba da shaida ya sa lambar shagon, wata tsohuwar waya da ke zama a aljihunsa saboda Gwaggo ta ce ƙararta na sa ta ciwon kai. Takardar ta zauna a kwamfuta. Duk wanda ya zo bayan Dogo, sunansa da hotonsa kawai ake sauyawa. Gwaggo tana ta murnar ciniki, ba ta san mataimakanta sun fi ƙarfin bencinta ba.

Da Sakatare ya zo kan tasa takardar, sai ya bar layin ƙwarewar aiki fayau. Dogo ya ce ya cika mana, shi da ke kwana yana tashi da injin. Sakatare ya ce taimakon gida ba aiki ba ne, kuma shi ba a rene shi ya yi ƙarya a kan kansa ba. Ta wasu kuwa, a ganinsa, zumunci ce.

Wurare biyar suka sallame shi da “za mu neme ka”. Saura kwana tara zango ya ƙare, wani kamfanin jigilar kaya ya ce yana da gurbi ɗaya a ofishin ajiye takardu. Mutum goma sha biyu daga ajinsu suka je, shi aka kira a ƙarshe.

Shugabar ma'aikatan dattijuwa ce mai tabarau a kan karan hanci. Ta shanya takardu goma sha ɗaya a tebur kamar wanki, tasa kuma tana hannunta. Ta ce ta ga shi kaɗai ne bai taɓa aikin komai ba. Ya ce haka ne, ranki ya daɗe. Sai ta ce wani abu ya ɗaure mata kai tun safe: shago mai mataimakan manaja goma sha ɗaya ai ya fi kamfaninsu girma, ko ya san wurin? Sakatare ya ce yakan wuce ta gabansa.

Ta ɗauki wayar tebur, ta bi lambar da yatsa, ta danna. Aljihunsa ya ɗauki ƙara, irin ƙarar da ke sa Gwaggo ciwon kai. Ya dafe aljihun, ƙarar ta ƙi mutuwa.

“Ɗauka mana, ɗana,” in ji ta. “Manaja ake nema.”

Nan ya kwance mata komai, tun daga jan hancin Dogo. Ba ta yi dariya ba. Ta karɓi lambar Gwaggo ta kira, ta buɗe murya yadda zai ji. Bayan gaisuwa ta tambaya ko yaron nan yana aiki a shagonta.

“Wane aiki? Taimako yake.”

Sakatare ya runtse ido, ya fara hango kansa a aji ɗaya da ƙannensa. Amma shugabar ta tambaya wane irin taimako. Gwaggo ta ce ba wani abin kirki ba ne: shi ke buɗe shago, shi ke buga takardu, shi ke gyara inji, shi ke lallashin malaman da ke kawo shafi ɗari suna so yanzu-yanzu, shekara uku ke nan. Ta ƙara da cewa in sun gama da shi a turo shi, injin ya haɗiye takarda, mutane sun yi layi har gaban mai takalmi.

“To, mataimakan naki goma sha ɗaya fa?”

“Goma sha ɗaya? Baiwar Allah, a ina za su tsaya? Ni kaina in zan juya sai ya fita waje.”

Shugabar ta ajiye waya, ta cire tabarau ta daɗe tana goge ido. Sannan ta ɗauki biro ta cika layin da ya bari da hannunta. Ta ce ya zo ranar Litinin, amma aikinsa na farko shi ne ya kira goma sha ɗayan nan ɗaya bayan ɗaya, ya sauke su daga muƙami, ya sake buga wa kowa takardar gaskiya. In ta sake ganin mataimakin manaja ko ɗaya, zai zama na goma sha biyu a waje.

Dogo ya yi kwana uku ba ya gaishe shi, ya ce ko sanarwa ba a ba shi ba aka kore shi.

Yanzu Sakatare ba ya isowa shagon sai yamma, da katin kamfani rataye a wuya. Gwaggo ta koyi marin injin da kanta, sai dai tana wuce sau biyu. Idan masu kwafi suka tambaya ko Sakatare ya sami aiki ne, takan ce a'a, ya dai je taimaka wa wasu mutane.