Bakaniken da Injuna Suka Daina Yi wa Magana

Ƙanena bakanike ne, kuma tun yana matashi 'yan gareji suke ce masa Kunne. Ba ya kwance inji sai ya saurare shi. Zai dafa bakin sukundireba a jikin ƙarfe, ya manna ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido, sannan ya faɗi abin da ya lalace. A gida kuwa sai ka kira shi har ka gaji bai ji ba.

Da ciwon gwiwa ya zaunar da shi, ya dawo ɗakin da ke kusa da nawa. Tsofaffin abokan aikinsa suka riƙa turo masa kukan mota ta saƙon murya. Ya saurara ya ce lafiya lau, motar ta mutu a hanya. Aka sake, ya sake kuskurewa. Sai saƙonnin suka fara ɗaukewa, shi kuma ya daina aske gemu.

'Yarsa tana aikin haɗa sauti a gidan rediyo. Ta zo ta same shi a kwance.

"Baba, ba lallai kunnenka ba ne. Saƙon murya matse shi ake yi don ya yi sauƙin tafiya, a zubar da ƙananan ƙararraki. An yi shi don surutun mutane ne, irin na Gwaggo."

"Ki kiyaye ni," na ce. "To wanne ne ba a matsewa?"

Ta ce akwai wani nau'in fayil, WAV, mai ajiye sauti yadda na'ura ta ɗauko shi, ba a rage komai, shi ya sa yake da nauyi. Ta je garejin da na'urarta, ta ɗauko kukan wata motar haya da ta gagare su, ana faɗin lokacin da aka taka mai da lokacin da aka kunna fitila, ta turo.

Ya danna fayil ɗin, ya ƙi buɗewa. Ya miƙo mini wayar kamar ni na ɓata ta. Na kira yarinyar. Ta ce in bari ya gama sauka tukuna, in nemo shi a ma'ajiyar fayiloli, in danne shi, in zaɓi buɗewa da manhajar sauraron waƙa. In ta ƙi, a sa a kwamfuta. Ba ta ƙi ba.

Ya sa abin sauraro a kunne. Ya ji, ya maimaita, ya cire.

"Yaya, gurnani kawai nake ji."

Na karɓa, don in san abin da ya cinye datar da na saya masa. Ƙarƙashin gurnanin akwai wani siririn sauti, kamar ana goga cokali a gindin tukunya. Na gaya masa.

Ya tashi zaune. "Yana tafiya ɗaya, ko yana ƙaruwa in an taka mai?"

"Yana ƙaruwa."

"Da aka kunna fitila fa?"

"Ya ƙara kaifi."

Ya kira garejin ya ce su duba boris ɗin abin cajin batir, wato zoben ƙarfen da yake juyawa a kansa. Suka kwance, suka same shi a cinye.

Ashe duka biyun ne: saƙon yana zubar da sauti, kunnen ma ya tsufa. Na faɗa masa haka, bai musa ba. Yanzu in fayil ya iso, ƙwanƙwasa bangona yake yi.

"Yaya, zo ki ji mini wata babbar mota."