Dodon da ke Tsaron Gada

Talabijin ya riga wasan shiga gidanmu da shekaru masu yawa. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya saye shi ne lokacin da kuɗin man fetur suka cika ƙasa, kowane ma'aikaci a Tambuwal ya jingine sabon babur a ƙofar gidansa. Aka sa kafinta ya yi masa teburi, ni kuma na ɗinka masa mayafi. Idan akwai wuta a ji labarai, a ji wa'azi, a rufe shi. Ban taɓa samun matsala da shi ba.

Wasan kuwa babban ɗana ne ya kawo shi. Ɗan fari ne. Tun ranar da aka raɗa masa suna ban taɓa kiran sunan ba. Ban ɗauke shi a gaban mutane ba, da aka yaye shi kakarsa ta tafi da shi ɗakinta, idan baƙi suka fara yabonsa sai in tashi in shiga madafa. Haka uwata ta yi wa yayana a Fakku, kuma har yau ban ga aibin abin ba. In zan ba shi abinci sai in ce wa autata, ƙanwarsa, ta kai wa mutumin can. Shi ma ya san matsayinsa. Ya gaishe ni a durƙushe, in amsa ina kallon wani wuri.

A lokacin ya zama malamin gona, an ba shi yankin Kebbe. Farkon mako ya ɗaure jaka a bayan babur ya kama hanya, ƙarshen mako ya dawo jajawur da ƙasa. Wanda ya san hanyar Kebbe ta wancan zamani ya san abin da nake nufi. Da rani yashi ya kayar da kai, da damina rafi ya tare ka.

Wani zuwa da ya yi Sakkwato ya dawo da ɗan akwati mai igiyoyi, ana cusa masa kaset a kai, a haɗa da talabijin. Gem suke ce masa. Ni ba na shiga ɗakin, amma ba a yin abu a gidana ban san shi ba. Na kan ɗauko faifan tsintar shinkafa in zauna daidai inda labule ya ɗan buɗe. Wani ɗan mutum ne mai takobi, bai fi tsawon yatsa ba, yana yawo gari gari. Ya shiga kanti ya sayi magani, ya tsaya ya yi magana da mutane, ya fita daji ya kashe ƙananan halittu, ƙarfinsa ya ƙaru. Gaskiya abin da kyan kallo. Ɗakin kan cika da samari, wannan ya ce a bi gabas, wancan ya ce a koma a sayi garkuwa, ana ta gardama kamar 'yan kasuwar shanu. Jikokina na yanzu kowa ya dunƙule shi kaɗai da waya, kunne a toshe. Na fi son waccan hayaniyar, ko da yake ban taɓa gaya musu ba.

Sai suka isa wata gada. A bakinta akwai dodo. Kansa na bijimi ne, hannuwansa huɗu, jikinsa kore kamar gansakuka, ya kusa cika fuskar talabijin. Da an doso shi kiɗan ke sauyawa, ya koma wani mai nauyi da ake ji a ƙirji. Ya kai duka ɗaya, wuri ya yi ja. Ya kai na biyu, wuri ya yi baƙi, wani rubutu ya fito. Shi ke nan, sai a koma gari a sake tahowa.

Cikin masu zuwa akwai ɗan gwaggon ɗana, taubashinsa, malamin firamare, mutum ne da bakinsa ba ya hutawa. Duk lokacin da dodon ya gama aikinsa sai ya miƙe tsaye ya kama kunne kamar mai shela, ya kira cikakken sunan ɗana har da na ubansa, ya ce Allah ya yi masa rasuwa a bakin gada, jana'iza bayan la'asar, a taho da goro. Ɗaki ya fashe da dariya. Ɗana ya ce masa, "Zamna, bawa. Kai ko ɓera ba ka kashewa." A sake komawa, a sake mutuwa, a sake shela.

Na kira autata madafa na tambaye ta me ya kawo sunan mutumin can cikin wannan shirme. Ta ce ai kafin a fara wasan sai an rubuta wa mai takobin suna, Yaya kuwa nasa ya sa. Rubutun da ke fitowa ma cewa yake wane ya mutu.

Na san hoto ne. Ban yi boko ba, amma ba a haife ni jiya ba. Sai dai mahaifina malami ne, kuma tun muna ƙanana ya hana mu yi wa juna mugun baki ko da wasa, ya ce ba a san sa'ar da mala'iku ke cewa amin ba. Ga shi ana sanar da mutuwar ɗana a cikin gidana duk Asabar da Lahadi, Litinin kuma ya hau babur ya nufi Kebbe.

Da autata ce da tuni na fizge igiyar. Amma shi, in na ce a daina, kowa zai san dalili. Za a ce ta nuna ɗan fari.

Na bi ta gefe. Na ce wasan yana shiga lokacin salla. Da an yi kira sai ya kashe ya kora kowa masallaci, su dawo su ci gaba. Na ce talabijin yana zafi zai ƙone. Ya sayo masa 'yar fanka. Na kai ƙara wurin ubansa cewa samari sun cika mana gida, ya ce ya fi son ya gan su a nan da a bakin tasha. Daga ƙarshe na je wurin gwaggon, na ce ta ja wa ɗanta kunne, bakinsa ya yi yawa. Ta dube ni ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce to wa ya zaga, in faɗi sunansa ta ji. Na ɗauki mayafina na dawo.

Damina ta yi nisa. Wata Juma'a ɗana ya dawo daga aiki a Fakku, can yankin Kebbe, yana ɗingishi, wando a yage, fitilar babur a fashe. Ƙasa ce ta zame da shi a gangaren wani rafi, babur ya danne masa ƙafa, wasu makiyaya suka ɗaga shi. Ina tsakar gida ina tankaɗe ya shigo. Na ga jinin. Ban ce sannu ba, ba a cewa. Na ɗora ruwan zafi, na ba autata da gishiri da tsumma mai tsabta na ce ta kai. Garin da nake tankaɗewa ranar rabinsa a ƙasa ya ƙare.

Washegari da hantsi abokai suka zo dubiya, dubiya ta koma wasa. Ina madafa na ji kiɗan nan mai nauyi. Na ji ɗan gwaggon ya gyara murya.

Ban san lokacin da na ɗaga labulen ba. Masu miƙe ƙafa suka tanƙwashe. Ɗana yana zaune a tabarma, ƙafar a naɗe. Ban dube shi ba, autata na duba.

Na ce, "Sunan ga da anka sa ma mai takobi, ana iya sauya shi?"

Ta ce ana iyawa, amma sai an share komai an koma farko. Takobin da garkuwar da duk ƙarfin da Yaya ya tara tun bayan girbi, duk za su tafi.

Na ce, "A share. A sa nawa."

Ɗan gwaggon ya fara cewa ai Inna mai takobin namiji ne, na juya na dube shi, ya haɗiye sauran. Can sai ɗana ya jawo abin latsawar. Na ga autata ta kama baki lokacin da ya share. Allon haruffa ya fito, ya dinga ɗaukarsu ɗaya ɗaya, kansa a sunkuye. Ni ban iya karanta su ba, amma na ga kunyar da ta kama samarin, kowa ya kau da ido, na san sunana ne. Sunan da bai taɓa fitowa daga bakinsa ba, kuma ba yaron da zai iya furta shi a unguwar nan ya kwana lafiya.

Na ce wa autata, "Ki ce ma mai ƙafar ga shi miƙe ta, kar ta kumbura."

Shi ma bai dube ni ba. Ya ce mata, "Ki ce ma Inna na jiya." Ya miƙe ƙafar.

Sai da aka kusa yanke gero suka sake kaiwa bakin gadar. Dodon yana nan yadda yake, bai rage komai ba. Ya kashe ni a wannan shekarar sau da yawa. Ina madafa sai in ji kiɗan ya yi nauyi, in ji duka na farko, in ji na biyu. Daga nan ɗaki ya yi shiru, shirun mutum takwas ko tara da aka ɗaure wa baki. Can ɗan gwaggon ya yi tari, ya ce a hankali, "To, mu koma gari." Ni kuma in ci gaba da tuƙin tuwona.